Agogon Baba Ya Sake Tsayawa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka. Yaya nauyin jikin nata? Ka ce mata ta ji maganar likita ta kwanta kamar yadda aka ce, wanki da shara ba za su gudu ba.

Bayan haka, ga agogon Baba nan na ba direban da ya kawo shi ya mayar maka. Ya sake tsayawa. Kai da ka cika mana kunne cewa ka kwance shi ɗaiɗai, ka wanke, ka sa masa sabon mai, har kana cewa sai jikokinmu sun gaje shi yana tafiya, to ko kwana biyu cikakku bai yi a gidan nan ba ya yi tsit. Da ma na faɗa, malamin lissafi daban, mai gyaran agogo daban. Ka tara matattun agogunan mutane a teburin falo kana leƙensu da gilashi a ido ɗaya, mu muna ce maka sha'awa ce, kai kana ji kamar ka buɗe asibiti.

Ba wasa nake yi ba a nan kam, Auta. Ka san yadda Baba yake da agogon nan, tun kafin a haife ka yake hannunsa. In ya duba ya ga allurar ba ta motsi ransa ɓaci yake yi, ya ƙi cin abinci, ni ce kuma mai shan fama. In ka san ya fi ƙarfinka ka faɗa mini gaskiya, babu kunya tsakaninmu, sai maigidana ya nemi wanda aikinsa ke nan.

Baba yana nan yadda ka san tsufa. Kada ka wahalar da kanka da kiran waya, ba ya jin daɗin magana a cikinta yanzu. Duk abin da kake da shi ka sako a kwalin, zan karanta masa.

Ka huta lafiya.
Ni ce Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba da kyau da kyau, da maigidanki da yara. Mai ɗakina tana amsawa, tana nan kwance tana ba ni umarni daga kan gado.

Saƙo ya iso, baƙar maganar da ke ciki ma ta iso. Bari in faɗa miki abin da na yi don kada ki ɗauka wasan yara nake. Da na buɗe kwalin na ɗan girgiza agogon, nan take ya kama tafiya. Na ɗaura shi na je makaranta da shi mako guda, ina rubutu a allo, ina hawa babur, bai ƙara minti ba bai rage ba. Na kwantar da shi ta fuska, na kifa shi, na jingina shi ta gefe, don akwai agogon da ke tafiya a tsaye ya mutu a kwance. Lafiya lau. Na duba siririn sifirin ɗin nan mai kama da gashi ko ya manne, don in agogo ya kwana kusa da lasifikar rediyo maganaɗisu yakan kama shi. Ba abin da ya same shi. Na bi haƙoran kowace giya da gilashi, babu wanda ya karye, babu ko zaren auduga a ciki.

Amma na ga wani abu, Yaya, kuma ba zan ɓoye miki ba. A murfin baya akwai sabon karce, irin wanda bakin wuƙa ke bari in an ɓamɓare murfi da ƙarfi. Ni ba na buɗe agogo da wuƙa, ina da abin buɗewa. Lokacin da ya bar hannuna murfin nan sumul yake. Wani ya buɗe shi a gidanku.

Ba Baba ba ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana aikin kafinta bai taɓa yarda a buga ƙusa da ƙotar sukudireba ba, ba zai sa wa agogonsa wuƙa ba. Ke kuma na san ba ruwanki. Ban kama sunan kowa ba, sai dai ki sani irin wannan injin ya yi wuya yanzu, masu tara tsofaffin agoguna nemansa suke ido rufe. Akan cire na ainihi a dasa na banza, murfi ya rufe, mai abu bai sani ba. Duk wanda ke harkar saye da sayar da tsofaffin kaya ya san wannan sarai. Na duba, har yanzu injin Baba ne a ciki, amma wanda ya leƙa sau ɗaya zai iya dawowa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga shi nan na mayar. Don Allah daga hannun direba sai hannunki, daga hannunki sai na Baba, kada ya biya ta shagon kowa. Ki kuma ce wa Baba ko layi ɗaya ne ya rubuto mini, na yi kewar rubutunsa mai kama da an jera katako.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya. A gaida mai jiki.

Ga abinka nan ya dawo, ya tsaya kamar wancan karon. Daga hannun direba na karɓa, ban bari ko inuwar wani ta faɗa kansa ba, to sai ka nemi wani wanda za ka ɗora wa.

Wai ba ka kama sunan kowa ba. Mutum nawa ne a gidan nan ke sayar da tsofaffin kaya? Hannunka mai sanda ka yi mini, na kuwa gani. Na karanta takardarka a tsaye a bakin keken ɗinkina. Mutumin da ya ɗauko Baba da kansa ya kawo shi gidansa lokacin da Mama ta rasu, ya ba shi ɗakin da ya fi kowanne iska, shi ne yau ƙanena yake auna shi da awon ɓarayi saboda karce a bayan ƙarfe. Ban so ya gani ba, amma ya tarar da ni ina share ido, ya karɓa ya karanta. Dariya ya yi. Ni ban yi ba, har yanzu kuma ban yi ba.

Ka iya bin haƙoran giya da gilashi, amma ba ka iya cewa aikina ne bai yi ba. Tun kana ƙarami haka kake, in ka faɗi sai ka ce ƙasa ce ta karkace. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan.

Batun rubutu kuma, Baba bai rubuta ba. Na karanta masa gaisuwarka, ya ji, sauran ban karanta masa ba don ba zan ƙara masa damuwa ba. Ka gyara agogon ka aiko, shi kaɗai ake nema a wurinka.

Yayarka.

*

Zuwa ga ƙanina Malam Auta, likitan agoguna,

Sallama da gaisuwa irin ta manya. Na saka wannan a ƙasan kwalin ba da sanin Yayarka ba, don in ta gani za ta ce na zubar mata da faɗanta.

Malam, ɓarawonka ya kawo kansa. Ni na sa aka buɗe agogon. Ranar da ya tsaya na ga ran tsoho ya ɓaci, na ce wannan ai ƙaramin abu ne, batir ne ya ƙare. Na sa shi a aljihu na kai wa mai sayar da batiran agogo da ke bakin titi kusa da shagona. Ya sa 'yar wuƙarsa ya ɓalle murfin, ya leƙa, ya juya shi, ya sake leƙawa, ya ce, “Maigida, wannan ai ba shi da ɗakin batir.” Na ce to da me yake tafiya? Ya ce shi ma abin da yake tambaya ke nan. Muka tsaya mu biyu muna kallon cikinsa kamar an ba kaza lissafi. Na ce ya rufe kafin mu yi ɓarna. Iyakar abin da ya faru ke nan, ko tsinke bai shiga ciki ba.

Ni fanka na sani da rediyo da dutsen guga. In da na san injin nan yana da daraja haka, wallahi da ban ba mai wuƙa shi ba. Karcen laifina ne, na ɗauka.

Ban ji haushinka ba. Kayan uba ne, dole ɗa ya sa ido. Sai dai ka sassauta wa Yayarka, kwanakin nan abubuwa sun yi mata yawa, ba ta samun barci. Ba zan ce komai bayan wannan ba, ba hurumina ba ne.

In mai ɗakinka ta sauka lafiya kuma namiji ne, ka san dai wanda ya kamata a yi wa takwara.

Naka, mijin Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ki da Baba da mutanen gida.

Na ga takardarki, na ga ta maigidanki da ya ɓoye a ƙasan kwali. Labarin mai batir ya ba ni dariya, na so in yarda in rufe maganar. Amma agogo ba ya ƙarya, kuma abin da ya faɗa mini bai yi daidai da abin da kuke faɗa ba.

Kafin in aiko wancan karon na ɗiga jan farcen matata a gefen murfin, ɗan mitsitsi, inda ido ba zai kai ba. Ya dawo bai fashe ba, wato ba a sake buɗewa ba. Na yarda da wannan. Sai na buɗe na duba babban sifirin, wanda shi ne rumbun ƙarfin agogo. Wayam. Ya warware gaba ɗaya, ba sauran ƙarfi ko kaɗan.

Ki saurara da kyau. Agogon Baba ba ya cin batir, ba a kuma wana shi da hannu, kunnen da ke gefensa na saita lokaci ne kawai. A bayan injin akwai wani ƙarfe mai kamar rabin wata, yana lilo duk sanda hannu ya motsa, lilon nan shi ke ɗaure sifirin. Muddin yana hannun mutum ba zai tsaya ba. In aka cire aka ajiye, zai ci abin da ya tara, kwana ɗaya da wani abu, ya mutu. Daidai abin da yake yi a gidanku ke nan kowane zuwa. Ƙarfin da na tara masa a hannuna yake ci, in ya ƙare shi ke nan. Na gwada rabin watan, yana juyawa sumul ta kowane ɓangare. Ma'ana, Yaya, agogon nan ba ya hannun Baba. Wani wuri ake ajiye shi. Baba da ko zama ya yi sai ya sami katakon da zai goga, a ce sifirin ya bushe a hannunsa?

Ga na biyu. A madaurin fatar an huda sabon rami da ƙusa, can ciki, bayan ramin da Baba ya yi shekaru yana sawa har ya yi baƙi. Kaurin hannun Baba na sani, hannun kafinta ne. Wannan ramin na mai siririn hannu ne. Ban ce komai ba, amma na san hannun kowa a gidan nan, kuma biri ya yi kama da mutum. Ko dai ana gwada wa masu saye shi a shago ana mayarwa cikin durowa, ko kuma akwai abin da ban sani ba.

Na kira wayar Baba a kashe. Na kira taki na ce a ba shi, kin ce yana barci, da hantsi. Na nemi layi ɗaya na rubutu, babu. Maigidanki ya ce akwai maganar da ba huruminsa ba. Me kuke rufewa?

Ba zan aiko da agogon ba. Yana nan wurina sai Baba da bakinsa ya ce in kawo. In na yi kuskure Allah ya yafe mini, amma na gaji da a mayar da ni yaro.

Ƙanenki.

*

Auta,

Ko sallamar ma da ƙyar na rubuta, amma salamu alaikum.

Allura ta tono garma. Da mijina ne ɓarawo, yanzu har da ni, mun haɗa baki mun ƙwace wa ubanmu agogo muna tallarsa. Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta. Ka zauna can nesa da hantsakinka da jan farcen matarka kana ɗana mana tarko kamar ɓeraye, ka kuma rubuto da alfahari.

To ka ji, kuma Allah ne shaidata. Agogon nan bai taɓa kwana a durowa ba. Yana hannun Baba safe da dare, a hagu inda ya saba. Ni nake ɗaura masa da hannuna kowace safiya bayan an goge masa jiki, ni nake juya fuskar ta kalle shi. Ramin ma ni na huda, da ƙusar da na ciro daga akwatin aikinsa. Je ka kai ni ƙara.

Sauran tambayoyinka ba ni da amsarsu. Akwai alkawarin da na ɗauka, ba kuma zan karya shi don ƙanena ya iya zargi ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ba don ni ba. Tunda direba ya zo hannu wofi Baba yake duban inda agogon yake zama, ya dube ni. Na ce masa yana wurin Auta ana gyara. In ka ga dama ka riƙe fushinka da ni har ƙarshen duniya, amma ka aiko masa da abinsa, ko yana tafiya ko ba ya tafiya. In kuwa ka riƙe shi don ka hukunta mu, to ka sani ba mu kake hukuntawa ba, kuma daga wannan ba za ka sake ganin rubutuna ba.

Yayarka, in har yanzu kana ɗaukata haka.

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yage, don girman Allah.

Da na riƙe agogon sai mai ɗakina ta ce in ba ta shi ta riƙa duba lokacin shan magani, tunda an hana ta tashi, waya kuma tana sa mata ciwon kai. Na ɗaura mata. Sabon ramin nan shi ya yi mata daidai. Shekaranjiya na dawo daga makaranta ta ce mini, “Malam, agogon surukina fa ya tsaya.” Na ce cire shi kika yi. Ta ce, “Ina zan cire shi in kai? Ga shi a hannuna tun ranar da ka ɗaura.” Na tsaya ina kallonta, tana kwance, hannun yana kan filo inda yake wuni.

A ranar takardarki ta iso. Na karanta ta sau ɗaya da fushi. Na sake karantawa, sai na ga abin da kika rubuta. Ke kike ɗaura masa. Bayan an goge masa jiki. Ke kike juya fuskar ta kalle shi. Yaya, yaushe Baba ya fara bari wani ya ɗaura masa agogo? Wa ke goge wa Baba jiki?

Tun zuwan farko agogon nan lafiyarsa ƙalau. Na buɗe na ga tsohon mai ya bushe, na yi murna na sami laifi, don mai gyara in bai sami laifi ba ji yake kamar an raina shi. Na duba sifirin, na duba giya, na duba murfi, na duba mijinki, na duba ki. Wanda ke ɗaure da agogon ne kaɗai ban tambaya ba. Ya rame har sai da aka ƙara rami. Ba ya magana a waya, ba ya rubutu, hannun hagunsa ba ya motsi.

Ba sai kin karya alkawarinki ba. Ni zan faɗa, ke ki yi shiru in haka ne. Ɓarin jikin Baba ya shanye, tun kafin ki fara aiko mini da agogon. Shi ya hana a gaya mini.

Tsoro nake ji, Yaya. Kunyar abin da na rubuta muku kuma ban san inda zan sa ta ba. Na yi magana da ƙanwar mai ɗakina, za ta zo ta zauna da ita, shugaban makaranta ma ya ba ni izini. Ban ba direba agogon ba don ina so in kawo shi da kaina. Kalma ɗaya nake jira daga gare ki. In kin ce kada in zo ma zan zo, amma na fi so ki ce in zo.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikas salam. Ban faɗa maka komai ba, kai ka faɗa.

Ranar da bakinsa ya fara buɗewa, abin da ya iya haɗawa shi ne kada a tayar maka da hankali sai matarka ta sauka. Ya riƙe ni da hannun damansa har sai da na yi alkawari. Jiya na ce masa Auta ya gane da kansa. Sai gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Ka taho. In ka shiga ka zauna ta damansa, kada ka yi kuka a gabansa, kada kuma ka ƙarasa masa magana in ta maƙale, ya tsani haka.

Amma kafin ka iso gida ka tsaya a shago. Mijina, mai siririn hannun nan da ka zarga, shi yake ɗaga Baba, shi yake kai shi banɗaki a bayansa, shi yake masa wanka tun ranar da abin ya faru. Bai ce ka ba shi haƙuri ba. Ni ce na ce.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka.